Giwa Ta Ci Gonarsa, Mu Mun Ɗauki Hoto

Wata magana da na ji a cikin mota ce ta sa ni wannan rubutu. Muna dawowa daga gandun dajin Yankari, mun bar sansanin baƙi na Wikki bayan azahar, mun fito ta ƙofar Mainamaji muna neman Dindima. A bakin hanya muka wuce buhunan gawayi an jera su, sai wata mata da 'ya'yanta biyu sun ɗauko itace a ka. Mai motar, dattijo ne mai ilimi, kuma na yarda da gaske yake ƙaunar dajin, ya girgiza kai ya ce: "Waɗannan mutanen su ne matsalar Yankari. Da ni ke da iko, da an tashe su an kai su nesa."

Ban ce masa komai ba, domin ya girme ni kuma a motarsa nake. Amma maganar ta tsaya mini a rai, musamman da na waiga na dubi kayan da ke bayanmu. Ruwan roba daga Bauchi muka sayo. Shinkafa da kaji a kula aka zubo mana daga gida. Mai a Bauchi muka sha. Mun kwana biyu, mun yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, mun ga giwaye da ɓauna da gwanki, mun cika wayoyinmu da hotuna. Tun daga shigarmu har fitarmu, ko ƙosan naira ɗari ba mu saya a hannun mutumin ƙauye ba.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da kwana. Mutanen da ke zagaye da gandun daji su ne suka fi kowa biyan kuɗin tsare shi, don haka su ya kamata su fara cin moriyarsa. Kuma rabonsu ya zama haƙƙi ne rubutacce a doka, mai kaso sananne da lokacin biya sananne. Muddin abin da suke samu ya tsaya a kan rijiyar burtsatse da wani mai mulki zai haƙa musu ran da ya ga dama, ƙauyukan ba za su ci gaba ba, dajin ma ba zai zauna lafiya ba.

Wa ke biyan kuɗin giwa?

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a matsayin gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 aka mayar da shi ga Jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri. A tsawon waɗannan shekaru masu riƙe da dajin sun canja sau da yawa. Maƙwabtansa na ƙasashen Duguri da Gwana da Pali kuwa suna nan inda suke.

Mu da ke zuwa daga birni da rani muke zuwa, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Giwar da muke gani ke nan, tana shan ruwa cikin natsuwa. Manomin da gonarsa ke bakin iyaka wata giwar daban ya sani, wadda ke fitowa da dare idan masara ta yi goyo ko dawa ta fara nuna. Babbar giwa na cin ganye da ciyawa fiye da kilo 100 a rana. Garke guda idan ya shiga gona, abin da bai ci ba ya tattake shi. Aikin damina gaba ɗaya, da bashin takin da aka ci, da abincin da za a zuba a rumbu, sun tafi kafin asuba.

To wannan manomi doka ta hana shi harbin giwar, kuma daidai ne ta hana shi, domin giwayen Yankari na cikin 'yan ƙalilan da suka rage a Najeriya. Doka ta hana shi shiga ya yi farauta inda kakansa ya yi, ta hana shi saran itace, ta hana shi ɗiban zuma a kogon bishiya. Duk na yarda da hanin. Amma idan jama'ar ƙasa gaba ɗaya ne suka ce a bar giwa ta rayu, me ya sa asarar za ta faɗa a kan mutum ɗaya da iyalinsa? Hausawa sun daɗe da sanya wa irin wannan suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

"Ai dukiyar kowa ce"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo mini. Za a ce Yankari na dukan mutanen Bauchi ne, kai na dukan 'yan Najeriya ne, don haka kuɗinsa baitulmali za su shiga a yi wa kowa aiki, ba a ware wa wasu ƙauyuka nasu daban.

Ba sai na je nesa neman amsa ba. A cikin Alkaleri ɗin nan aka samu man Kolmani, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙarsa a watan Nuwamba na 2022. Shi ma mai dukiyar kowa ne. Duk da haka tsarin mulki ya ba jihohin da ake haƙo shi kashi 13 cikin 100, dokar man fetur ta 2021 kuma ta wajabta wa kamfanoni su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekara a asusun al'ummomin da ke zaune a wurin. Dalili shi ne wanda ake haƙa a bayan gidansa yana shan wata wahala da na nesa ba ya sha. Idan mun yarda da haka a kan mai, da wane baki za mu musa shi a kan giwa? Man zai ƙare wata rana. Dajin kuwa idan aka riƙe shi da kyau jikokinmu ma za su same shi.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga sun rubuta nasu. A Uganda doka ta ware kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga gandun daji domin ƙauyukan da ke iyaka da shi. Ruwanda ta fara da kashi 5 cikin 100 na kuɗin da gandayenta ke samu a 2005, ta mayar da shi kashi 10 a 2017, kuma tana da asusu na daban da ake biyan diyya ga wanda namun daji suka yi wa ɓarna. Namibiya ta wuce nan: tun 1996 ta ba al'ummomin karkara ikon kafa nasu yankunan kare namun daji, su ƙulla yarjejeniya da masu otal, kuɗin ya shigo hannunsu kai tsaye.

Na san za a ce Ruwanda na karɓar dala 1,500 a kan kowane baƙo da zai je kallon manyan birai a dutse, mu kuwa ɗalibai ne da iyalai ke zuwa da 'yan canjinsu. Gaskiya ne, kuma kashi goma na ɗan abin da ake samu a ƙofa ba zai gina asibiti ba. Amma amfanin kason ya wuce yawan kuɗin. Ran da dagaci ya san cewa kowace motar baƙi da ta wuce akwai rabon garinsa a ciki, ranar zai fara ƙirga motoci. Zai fara damuwa idan suka ragu. Zai tambayi dalili. Mutumin da ke ƙirga motocin baƙi ba zai ɓoye maharbin giwa a gidansa ba.

"Za a cinye kuɗin"

Wannan hujja ta fi ta farko ƙarfi, kuma ba na raina ta. Mun san halinmu. A kafa kwamiti, a naɗa ɗan wane da surukin wane, kuɗi su shigo, a yi taro a raba, talaka ya ji labari. Ko a Uganda ana kukan kuɗin kan maƙale a ofisoshin gundumomi kafin su isa ƙauye.

Sai dai tsoron ɓera bai taɓa hana kowa gina rumbu ba. Ana ɗaga shi ne a kan duwatsu, a shafe shi, a rufe bakinsa. Haka za a yi wa wannan kuɗi. A liƙa adadin baƙin da suka shiga da kuɗin da aka karɓa a bakin ƙofa duk wata, inda kowa zai gani. A karanta shi a gidan rediyo da Hausa da Fulatanci. Kason kowane ƙauye ya shiga asusun ƙauyen, kada ya biya ta ofis uku. A yanke abin da za a yi da shi a ƙofar fada bayan sallar Juma'a, ko ranar kasuwa, a gaban jama'a, da mata a ciki, da wakilin makiyaya a ciki. Mutanen da ke riƙe adashe shekara da shekaru ba tare da takarda ba, masu haɗa kuɗi su gina masallaci su sa masa kwano, ba za a ce ba su iya riƙon amana ba.

Diyyar gona ma haka. Masu adawa za su ce kowa zai zo ya ce giwa ta ci masa gona. Giwa ba ta ɓoye sawunta. Idan aka kai rahoto da safe, malamin gona da ma'aikacin daji da mai unguwa suka je kafin rana ta faɗi, suka auna, suka ɗauki hoto da waya, ƙarya ba ta da wurin shiga. Abin da ke kashe irin wannan tsari jinkiri ne. Diyyar da za ta zo bayan shekara biyu, mai gonar ya riga ya sayar da akuyoyinsa ya ciyar da gida, ya kuma riga ya yanke hukunci a ransa a kan giwa.

"Su ne ke farauta, su ne ke gawayi"

Eh, a cikinsu akwai masu yi. Ban zo in wanke kowa ba. Akwai mai ɗana tarko, akwai mai nuna wa baƙin mafarauta hanya, akwai mai sare kirya da marke ya ƙona.

Amma buhunan gawayin da muka gani a bakin hanya, wa ke sayensu? Matar ƙauye da kara da ƙirare take girki. Gawayin nan birni yake tafiya, gidajenmu yake shiga, tun da gas da kananzir suka yi tsada. Naman dajin da ake ƙyafewa ma kasuwarsa tana gari. Hauren giwa kuwa ba a taɓa jin ɗan ƙauye ya yi ado da shi ba, ƙasashen waje ake kai shi. Idan muka tsaya zagin mai ƙona gawayi alhali buhunsa na cikin kicin ɗinmu, mun bar jaki muna dukan taiki.

Shawarar a tashe su kuma, ita ce ta fi ba ni tsoro. Mun ga abin da ke faruwa da dajin da babu mai ido a kansa. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da duniya ta san shi da shi. Kamuku da ke Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa, yau wa zai ɗauki iyalinsa ya kai su yawon buɗe ido can? Dazuzzukan Alkaleri su ma sun fara ɗanɗana wannan masifa ta 'yan bindiga. Ma'aikatan tsaron daji komai ƙoƙarinsu ba za su iya tsare murabba'in kilomita fiye da 2,000 su kaɗai ba. Wanda zai fara ganin baƙuwar fuska, ko sawun babur inda bai saba gani ba, ko hayaƙi a inda babu ruga, shi ne manomin bakin iyaka da yaron da ke kiwo. Da ɗan gari kan ci gari. Idan ɗan garin nan yana kallon dajin a matsayin abin da ya raba shi da gonarsa, zai gani ya yi shiru.

Dole a yaba inda aka yi daidai. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke aiki tare da Gwamnatin Bauchi wajen sintiri a Yankari, kuma kashe giwaye don haure ya ragu ƙwarai daga lokacin. Wani ɓangare na wannan nasara ya zo ne daga sa mutanen ƙauyukan cikin aikin sa ido a kan zirga-zirgar giwaye. Wato an riga an gwada, an ga yana aiki. Abin da ya rage shi ne a daina barin sa a matsayin aikin wata ƙungiya mai neman tallafi, ya zama tsarin da doka ta kafa.

Baƙi kaɗai ba za su riƙe ƙauye ba

A nan zan saɓa wa wasu da ke tare da ni a ra'ayi. Suna magana kamar da zarar an gyara ɗakunan kwana an tallata Yankari a intanet, arziki zai malalo har ƙauyuka. Ba haka abin yake ba. Daga ƙofar Mainamaji zuwa Wikki ya fi kilomita 40. Baƙo yana shiga ya yi nisa da kowane ƙauye, can zai ci, can zai kwana. Idan ba a shirya da gangan ba, sisinsa ba zai dawo baya ba.

Shiryawar kuma ba wani abu ne mai wuya ba. A sharɗanta wa duk mai dafa abinci a sansanin Wikki ya sayi kaji da ƙwai da tumatir da nono daga ƙauyukan kewaye. A yi rumfuna masu tsafta a bakin ƙofa, inda motoci ke tsayawa yankar tikiti, a sayar da zuma da man kaɗe da daddawa da tabarmi. A horar da samarin yankin su zama masu yi wa baƙi jagora. Yaron da ya tashi ya san kukan kowane tsuntsu da sawun kowace dabba, Turanci kaɗan da takardar shaida kawai yake buƙata. Lokacin baƙi ma ya dace da lokacin da samarin ke barin gida su tafi ci-rani, daga Disamba zuwa Afrilu. Kuma ba dabbobi kaɗai ke akwai ba. Ga kogunan dutse na Marshall, ga rijiyoyin Dukkey, ga kufan maƙera inda aka narka tama tun zamanin da. Labarin waɗannan wurare a bakin jikokin mutanen yankin ya fi daɗi.

Duk da haka, kasuwar baƙi aba ce mai saurin tsinkewa. Mu dubi Kure a Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Raƙuman dawan da ke can su ne na ƙarshe irinsu a Afirka ta Yamma, kuma a tsakiyar gonakin mutane suke yawo. A 1996 ba su wuce 50 ba. Aka hana farautarsu, aka riƙa taimaka wa ƙauyuka da ƙananan rance da rijiyoyi, samari suka kafa ƙungiyar masu jagora, har raƙuman suka haura 600. Sai ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Wanda duk abincinsa ke hannun baƙo ya wayi gari ba shi da komai. Annobar korona ma ta yi wa gandaye da yawa a Afirka irin wannan a shekarar.

Saboda haka arzikin maƙwabtan daji ya kamata ya tsaya da ƙafafu da yawa, kuma mafi ƙarfinsu su zama waɗanda ba su jiran kowa ya zo. Zuma ita ce misalin da na fi so. A Kenya an gano cewa giwa na tsoron ƙudan zuma. Sai manoma suka riƙa kewaye gona da amya, a rataye su a kan sanduna, a haɗa su da waya. Giwa na taɓa wayar amyoyin su girgiza, ƙudan su fito, ta juya. Akasarin giwayen da suka tunkari irin wannan shinge ba sa shiga. Manomi ya tsira da hatsinsa, ya kuma sami zumar sayarwa. Mu da muka gaji ɗora amya a kan bishiya tun kaka da kakanni, wannan ba baƙon aiki ba ne a wurinmu.

Haka kaɗanya da ɗorawa da kuka da tsamiya. Bishiyar kaɗanya idan aka sare ta aka yi gawayi, kuɗin sau ɗaya ne. Idan aka bar ta, duk shekara mata za su tsinci 'ya'yanta. Matsalar ita ce suna sayar da ƙwarar ɗanya da araha, riba ta tafi ga mai injin da ke birni. Injin matsa guda a hannun ƙungiyar mata, da hanyar da mota za ta iya bi da damina, sun fi taron wayar da kai goma amfani wajen hana sare itace.

Maganar makiyaya

Wannan ita ce mafi wuya, kuma ba zan yi kamar ina da maganinta gaba ɗaya ba. Shanu na shiga gandun daji da rani saboda can ne ciyawa da ruwa suka rage. Burtali an nome shi, mashaya an kewaye ta. Shigarsu na korar namun daji, yana kawo cuta, wani lokaci kuma zaki ya kama saniya a rama da guba. Yankari na ɗaya daga wurare biyu kacal da aka san zaki ya rage a Najeriya, ɗayan shi ne Kainji, don haka ba abin wasa ba ne.

Amma keɓe fili ba Turawa suka fara kawo mana shi ba, kuma magabata sun bar mana misali. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya keɓe makiyaya domin dabbobin baitulmali. Da ya naɗa mai kula da ita sai ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya hana garken manyan attajirai. Hujjarsa ita ce mai dukiya idan dabbobinsa suka halaka yana da gonaki da dabino da zai koma wa, talaka kuwa da 'ya'yansa zai zo ƙofar shugaba yana kuka. Ya kuma yarda cewa ƙasar tasu ce, suna ganin an tauye su.

Ba ina cewa a buɗe Yankari ga shanu ba ne. Abin da nake ɗauka daga wannan shi ne wanda ya keɓe fili ya ɗauki nauyin wanda ya hana. Idan an ce wa Bafulatani kada ya shiga, a nuna masa inda zai je: a dawo da burtali, a yi madatsun ruwa a wajen iyaka, a shuka ciyawa, a yi wa shanunsa rigakafi, a sayi nononsa. A kuma bambanta mai shanu goma da ke zaune a yankin shekara da shekaru da garken ɗaruruwa na wani mai kuɗi da ke zaune a birni ya ba yara kiwo.

Wannan magana ta wuce Bauchi. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandayen daji na ƙasa guda 10 a kan 7 da ake da su, ciki har da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da fadamun Hadeja a Jigawa, da Allawa a Neja. Kowannensu akwai manoma da masunta da makiyaya a gefensa. Ina roƙon 'yan majalisar da ke wakiltar waɗannan yankuna, da na Alkaleri a Majalisar Dokokin Bauchi, su kawo ƙudurin da zai faɗi kaso nawa ne na maƙwabta, wa zai riƙe shi, da kwana nawa manomi zai jira diyya bayan an auna gonarsa. Gwamnan Bauchi, Sanata Bala Mohammed, ɗan Duguri ne, ba sai an yi masa bayanin yadda gonar bakin daji take ba.

Ni kuma na yi wa kaina alkawari, in Allah ya sake kai ni, ba zan ɗauko kula daga gida ba. A Mainamaji zan tsaya in ci abinci, in sayi zuma, in nemi yaron garin ya shiga da mu.